Na yi wa baƙi hidima, na bar masu gida da yunwa

Haƙori ne ya ja min. An cire min wani matauni da ya ruɓe, likita ya ɗora ni a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda, kafin in shanye shi cikina ya rikice. Gudawar ta tsaya bayan kwanaki kaɗan, amma kugi da kumburi suka ƙi tafiya. Na yi kusan wata biyu ina zama cikin mutane hannu a kan ciki, ina fatan kada ya yi ƙara a daidai lokacin da kowa ya yi shiru.

A nan na faɗa wa 'yan kwalaben yogot ɗin sha, masu rubutun cewa akwai ƙwayoyi masu rai biliyan kaza a ciki. Kullum biyu, safe da dare. Irin wannan shi ake kira abinci mai aiki, wato wanda ake sa ran bayan ya ƙosar zai yi wa jiki wani amfani na musamman. A Japan aka raɗa masa wannan suna cikin shekarun 1980, kuma a 1991 gwamnatinsu ta kafa tsarin tantance abincin da ya cancanci a rubuta masa amfanin lafiya a jikin kwali. Tunanin kansa ya girme wannan. Tun 1907 Eli Mecnikof, masanin nan ɗan Rasha da ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta Faris, yake cewa madara mai tsami ce sirrin tsawon ran manoman Bulgeriya. Shi ma ya dage da shanta. Ya rasu a 1916 yana da shekara 71, abin da ba ya tabbatar da komai, ba ya kuma ƙaryata komai, amma duk sanda na tuna sai na yi murmushi.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo gidana ta buɗe firiji, ta ɗauki kwalba ɗaya ta juya bayanta tana karanta yawan sukarin da ke ciki. Ta ce, "Wannan ai alawa ce aka narkar." Na ce, "Haba Yaya, akwai fa ƙwayoyi masu amfani a ciki." Ta ce, "To ka gayyato baƙi, me ka dafa musu? Su kuma masu gidan da ka tarar a cikinka, yaushe rabonsu da abinci?"

Maganar ta tsaya min a rai, na shiga karatu. Ashe babban hanjin mutum gari ne guda. Wani lissafi da aka fitar a 2016 ya ce bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyi masu rai da ke jikin baligi, sun kai kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji, nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba. Idan ka auna biliyoyin da ke cikin kwalbata da wannan, kamar ka zuba cokalin ruwa ne a tafki. Yawancin baƙin ma ba sa zama. Suna wucewa, wataƙila su yi ɗan amfani a hanya, idan ka daina sha kuma sai su ɓace.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abincin masu gidan. Akwai ɓangaren tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa, wanda ake kira fayiba. Yana ratsa tumbi da ƙaramin hanji kusan yadda ya shiga, sai ya isa babban hanji, can bakteriya su far masa. Idan suka tsima shi sukan fitar da wasu sinadarai, cikinsu akwai butiret, wanda shi ne babban abin da bangon hanjin ke ƙonawa ya samu ƙarfi. Wato kai ka ci wake, bakteriya su ci abin da ya gagare ka, hanjinka kuma ya ci abin da suka bari. Albasa da tafarnuwa suna da irin wannan fayiba, haka hatsin ots, haka ayabar da ba ta gama nuna ba. Har shinkafa ko dankalin da aka dafa ya huce, wani sashe na sitacinsu yakan koma mai wuyar narkewa ya zama rabon bakteriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na fayiba a rana. Da na lissafa abin da nake ci, farin burodi da safe, farar shinkafa da rana, na ga ko rabi ban kai ba.

Sai na yi abin da mai zumuɗi ke yi. Kwana uku a jere, wake da safe, wake da dare, ɗanyar albasa a kai. Ba sai na faɗi yadda ta kaya ba, matata dai ta koma kwana a falo. Iskar nan ita ma daga tsimin bakteriya take fitowa, kuma hanjin da ya saba da yunwa ba ya ɗaukar walima rana ɗaya. Yaya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in ƙara kaɗan-kaɗan cikin makonni, in kuma yawaita shan ruwa. Ta ƙara da cewa masu matsalar hanji ta dindindin wani lokaci albasa da waken ne ma ke tayar musu da ciwo, su da likita za su daidaita abin.

Kada in zalunci abinci mai tsami. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford sun raba mutum 36 gida biyu na tsawon mako 10, wasu suka yawaita fayiba, wasu suka yawaita abincin da aka tsima, kamar yogot da kefir da kimcin Koriya. Masu cin tsimammen abincin ne aka ga ire-iren bakteriyarsu sun ƙaru, alamomin kumburi a jininsu kuma suka ragu. Wannan ya ɗan karya min gwiwar gardama. Sai dai mutum 36 ba su da yawa, kuma sun riƙa ci ne sau da dama a rana, abin ya wuce 'yar kwalba mai zaƙi. A Tarayyar Turai hukumar da ke duba lafiyar abinci ta yi watsi da tarin iƙirarin da kamfanoni suka kai mata kan ƙwayoyi masu rai. Wanda ta amince da shi shi ne cewa ƙwayoyin yogot suna taimaka wa masu wahalar narkar da sukarin madara.

Yanzu yogot nake saya marar sukari, in yanka ayaba a ciki, in barbaɗa ots. Wake sau uku a mako, ludayi ɗaya. Kugin ya tafi a hankali, har ban lura da ranar da ya daina ba. Da na kira Yaya ina ba ta labari cikin alfahari, sai ta ce mai yiwuwa ma hanjin ne ya farfaɗo da kansa bayan maganin, kamar yadda yakan yi wa yawancin mutane, ta kuma tambaye ni ko na koma wurin likitan haƙori a duba sauran mataunan. Ban koma ba tukuna.