Layi ɗaya a littafin ma'aji

Naira 180,000 ne, kuma ko kwabo bai shiga aljihuna ba. Wannan maganar na riƙa nanata wa kaina wata huɗu cur, ita ce kuma ta rufe mini ido har na kasa ganin cewa ƙarya nake yi.

Shekara shida na yi ina riƙe da aikin ma'aji a ikilisiyarmu. Wanda ya taɓa yi ya san tsarin. A tashi sujada, mutum uku su shiga ofis, a zazzage jakunkuna, baiko daban, zakka daban, asusun gini daban. A rubuta 'yan dubu-dubu nawa, 'yan ɗari biyar-biyar nawa, kowa ya sa hannu, Litinin a kai banki a liƙa takardar shaida a bayan takardar ƙirga. Ɓarakar tana tsakanin yammacin Lahadi da safiyar Litinin, lokacin da kuɗi ke kwana a hannun mutum ɗaya.

A irin wannan daren wani ɗan'uwa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Za a yi wa matarsa tiyata, asibiti sun ce sai an ajiye kuɗi. Ya ce zai mayar ƙarshen wata, ya roƙe ni in rufa masa asiri. Ranar an yi tarin gini na musamman, kuɗin na cikin jaka, na ƙirga na ba shi. Laifi ne, don ba ni da ikon taɓa kuɗin gini sai da yardar kwamiti, amma laifin da waya ɗaya zuwa ga fasto za ta gyara a daren nan. Inda na yi wa kaina illa shi ne ranar Litinin. Takardar ƙirga ta ce 412,000, ta banki ta ce 232,000, dole wani abu ya cike tsakani. Na buɗe littafi na rubuta: "Ajiyar kuɗin siminti, buhu 36." Buhu yana naira 5,000 a lokacin, lissafi ya fita cif. Har wani daɗi na ji da ya fita cif.

Littafin kuɗi ba ya riƙe ƙarya ɗaya tak, domin kowane layi yana da mai tambayarsa. Magatakarda ya nemi rasit don ya haɗa da bauca, na ce na baro shi a gida. Ƙarshen wata ya zo, ɗan'uwan bai samu ba. A taron wata uku na tsaya gaban jama'a na karanta rahoto, layin nan na ciki, aka tafa mini. Da damina ta ɗauke, shugaban kwamitin gini, wanda magini ne, ya ce a kwaso simintin a fara zuba linta. Ya tambaye ni a wane shago aka ajiye. Bakina ya kama sunan Alhajin da muka saba saye a wurinsa, na ƙara da cewa ya ce kaya ba su iso ba, sai mako mai zuwa. Na maimaita haka sau uku. A zama na gaba kwamiti ya yanke shawarar a karɓo kuɗinmu a daina hulɗa da shi, wani dattijo har yana cewa dama mutanen kasuwa ba su da amana. Ina zaune biro a hannu.

Nan ne abin ya faɗo mini. Na ɗauka asirin mutum ɗaya nake rufewa, ashe sunan wani nake ɓatawa, mutumin da shekara da shekaru yake ba mu kaya bashi ba tare da ko takarda ba. Doka ta tara cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:16, ba ta tsaya ga faɗar abin da ba haka ba, shaidar zur a kan maƙwabci ta ambata. Da ina ganin kotu kawai take nufi. Ofishin ikilisiya ma ya ishe ta wuri.

Masu son kwantar mini da hankali sun sha ce mini, "Ai ba ci ka yi ba, ƙaryar alheri ce." Har yau maganar na ba ni haushi, don ita ce ta kai ni rami. Su kan kawo ungozoman nan na Masar, Shifra da Fuwa, da suka ɓoye wa Fir'auna gaskiya don ceton jariran Ibraniyawa a Fitowa sura 1, da Rahab da ta ɓoye 'yan leƙen asiri a Joshuwa sura 2. Tsohuwar muhawara ce. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya rubuta a kanta har sau biyu, ya kasa ƙarya kashi takwas, ya kuma tsaya a kan cewa babu wadda ta halatta ko da don ceton rai ne. Wasu malaman sun sassauta a inda azzalumi ke neman jinin marar laifi. Ko wane ɓangare ka bi, tawa ba ta shiga ciki. Kuɗin ne suka taimaki matar, kuma sun riga sun isa asibiti tun daren Lahadi. Layin da na rubuta ranar Litinin bai ceci kowa ba sai fuskata, don kada a ce ma'aji ya ƙetare iyakarsa.

Labarin Hananiya da matarsa Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5, waɗanda suka sayar da fili suka kawo wa manzanni wani kashi na kuɗin kamar shi ne duka, shi ma sai bayan haka na karanta shi da idon mai riƙe da littafi. Bitrus ya faɗa wa Hananiya ƙarara cewa filin nasa ne kafin a sayar, kuɗin ma a hannunsa suke bayan an sayar. Ba a tilasta masa ya kawo duka ba. Adadin da ya gabatar ne ƙarya, kuma Bitrus ya ce ba mutane ya yi wa ba, Allah ya yi wa. Da Safiratu ta shigo bayan kamar awa uku, tambayar da aka yi mata ta lissafi ce: nawa kuka sayar? Irin tambayar da maginin nan ya yi mini ke nan.

Gyara yana da tsari, kuma na ga yadda mutane ke ɓata shi. Kada ka fara da cusa kuɗi a asusu a ɓoye, wai a wuce wurin. Na yi tunanin haka, in ciyo bashi in sayo buhu 36 in sauke a harabar majami'a. Da na yi, da littafi ya daidaita, shi kuwa Alhaji ya ci gaba da zama mai saɓa alkawari a bakin dattawanmu. Ka fara zuwa wurin fasto, kuma ka je da takardu: takardar ƙirga ta ranar, ta banki, da littafin a buɗe a shafin. Ka kira abin da sunansa. Na fara da cewa, "Baba, an ɗan samu kuskure a lissafi." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kuskure ne ko ka sani?" Kuskure shi ne ka rubuta 6 a wurin 9. Ka lissafa ƙaryar ɗaya bayan ɗaya da wanda ka yi wa kowace, don kowanne yana da haƙƙin jin gaskiya daga bakinka. Tawa ta kama shida: littafi, magatakarda, taron jama'a, magini sau uku.

Kada ka goge layin, kada ka yage shafin, kada ka shafa farin ruwan gyara. Ka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta gaskiyar a gefe da kwanan wata, kai da wani dattijo ku sa hannu. Masu binciken kuɗi na gunduma sun fi tsoron shafi mai tsabta fiye da kima a kan mai gyara a fili.

Kuɗin kuwa na mayar daga aljihuna ban jira mai bashi ba, na ɗora kashi ɗaya cikin biyar, 36,000, ya zama 216,000. Ba wanda ya ɗora mini wannan a matsayin doka. Ma'aunin da ke Littafin Ƙidaya 5:6-7 na ara, inda aka haɗa furta laifi da mayarwa da ƙari, don in ba haka ba da kaina zan yanke wa kaina mai sauƙi. Dattawa suka karɓi makulli, suka sa ni a horo wata shida, ba Jibin Ubangiji, ba riƙe wani aiki. An sanar a sujada cikin jimla uku.

Mafi wuya shi ne zuwa shagon. Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka gaban bagade ka je ka shirya da wanda ke da magana a kanka tukuna, to shi wannan bai ma san yana da magana a kaina ba. Na same shi ana sauke tirela, ƙurar siminti har a gemunsa. Na faɗa masa komai a tsaye. Ya yi shiru, ya ce, "Malam, shi ya sa mutanenku suka daina gaishe ni?" Washegari na koma da shugaban kwamitin gini da dattijon da ya yi maganar nan, na maimaita a gabansu. Wanda aka ɓata wa suna a gaban mutane, a gabansu ake wanke shi.

Abin da ya fi cin raina shi ne sunan ɗan'uwan da ya ci bashin bai taɓa fita ba. Fasto da dattawa biyu kawai suka sani har yau. Ashe tun farko rufin asiri da gaskiya ba su yi karo ba, ni ne na haɗa su faɗa. Ana iya cewa, "An taimaki wani ɗan ikilisiya, sunansa na hannun fasto." Ana iya cewa, "Ba ni da izinin faɗa." Duk biyun shiru ne mai tsabta. Ga kuma asusun taimakon mabukata da ke nan domin irin wannan dare, na tsallake shi don ina so a ce ni na share hawayen.

Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya tafi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. Ni da nake jin shekara shida sun wanke ni daga tambaya, jakar na kwana a ƙarƙashin gadona. Yanzu kuɗin Lahadi suna kwana a akwatin ƙarfe mai makulli biyu a hannun mutum biyu, ba a shigar da layin fitar kuɗi sai bauca na ɗauke da sa hannu biyu da rasit a liƙe, magatakarda kuma yana karɓar bayanin asusu daga banki kai tsaye kowane wata ya gwada da littafi.

Alhaji ya ce ya yafe, muna kuma sayen siminti a wurinsa. Amma bashin da yake ba mu da baki ya tsaya tun ranar. Lintar da aka zuba bana, sai da muka biya kuɗin buhu 36 lakadan kafin yaransa su ɗora ko ɗaya a mota.