Yadda muke ƙara wa tsohuwar Fijo numfashi

Garejina ƙarami ne, ni da yara huɗu a Kaduna, kuma yawancin abin da ke ciyar da mu gyaran yau da kullum ne: birki, kuloci, canjin baƙin mai. Amma a shekara nakan samu mutum biyu ko uku da za su kawo tsohuwar Fijo 504, wadda galibi gadon mahaifi ce, su ce suna son ta da ƙarfi ba tare da an cire mata injinta na asali ba. Motar nan 'yar gida ce, tun da masana'antar Fijo ta Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975. Injinta mai silinda huɗu, lita biyu, dokinsa casa'in da 'yan kai ne lokacin yana sabo.

Abin da muke ɗora mata shi ne sufacaja. In abokin ciniki ya tambaye ni mene ne, sai in ce ya tuna zugazugin maƙeri. Inji da iska da fetur yake rayuwa, kuma iskar da fistin ke zuƙa da kansa tana da iyaka. Sufacaja famfo ne da bel ke juyawa daga karanshaf, yana cusa iska da ƙarfi. Dabarar tsohuwa ce: wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, a jihar Indiyana ta Amurka suka yi wa irin wannan famfo rajista a 1860, kuma tanderun narka ƙarfe ne ya fara cin moriyarsa kafin mota. Wanda nake nema a wurin masu kayan gwanjo shi ne Eaton M62, na jikin Marsandi mai rubutun Kompressor. Injin 504 a kishingiɗe yake, digiri 45, don haka akwai wurin da za a zaunar da shi. Mai walda ya haɗa mazauni, mai tana, wato mai sassaƙa ƙarfe da inji, ya fafe fulin da bel zai hau.

Wannan duk aikin sati ɗaya ne. Wahalar tana gaba.

Nauyin iskar da muke shaƙa kusan psi 14.7 ne, wato ma'aunin da ake auna iskar taya da shi. In ka ƙara 6 a kai, ka ba inji iska kimanin kashi 40 cikin ɗari fiye da da, ko da yake famfon kansa yana cinye wani abu daga ƙarfin. Ni a 6 nake tsayawa, wani lokaci 5. Iskar da aka matse zafi take yi, ga rana irin ta watan Afrilu, ga fetur ɗinmu da yau mai kyau gobe sai a hankali. Zafi ya yi yawa, mai ya kama da kansa kafin lokaci, sai ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Minti kaɗan a haka ya isa ya huda fistin. Shi ya sa nake buɗe jet ɗin kafireta mai ya ƙaru, in ja taimin baya kaɗan, in sa filogi mai jure zafi, in ƙara wa lagireto layi. Kafireta a gaban famfo nake sa ta, domin fetur yana ɗan sanyaya iskar, sannan in sa bawul na kariya saboda ranar da inji zai yi atishawa ta baya.

Na farko da na yi ban san haka ba. Na rage girman fuli iska ta ƙaru don in burge mai mota, kwana tara gasket ya ƙone, ruwa ya haɗe da baƙin mai. Daga aljihuna na biya.

Yanzu kafin in karɓi aiki sai na auna matsin kowace silinda. In ringi ya gaji ko silif ya ci, sai in ce, “Alhaji, a fara gyara inji tukuna.” Wasu su yi fushi su tafi. Wanda ya yarda kuma sai ya canza kuloci da birki, wannan ba na ciniki a kai.

Gwaji a hanyar Jos nake yi, inda tudu ya haura mita 1,200 kuma iska ta yi sirara, wurin da tsofaffin motoci ke haki. Ta ƙarshe da na kai, da mutum huɗu a ciki, a giya ta huɗu ta haye inda da sai an sauko ta biyu. Mai ita yana gefena, idonsa na kan allurar zafi har muka shiga gari.