Abin da ɗinkin bargon ƙyallaye ke koya wa mai yin sa a lokacin sanyi

Idan bargon ƙyallaye ya fito a karkace, ko gefensa ya ƙi kwanciya, ko bayansa ya tattare, yawanci akan ɗora laifin a kan keke ko a kan ɗinkin ƙarshe. Ba kasafai laifin ke can ba. Kusan duk aibin da ake gani ranar gamawa, tun a wajen wanki da yanka da guga aka shuka shi, makonni kafin ya nuna kansa. Tun ran gini ran zane.

Bargon hawa uku ne: fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, auduga ko makamancinta a tsakiya, sai shafi a baya. Kowanne da halinsa, kuma dukkansu suna motsi.

A fara da wanki. Yadin auduga yakan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, kuma ba kowane yadi ke tsukewa daidai da ɗan'uwansa ba. In aka haɗa wankakke da sabo, ranar da bargon ya sha ruwa sai wani ƙyallen ya ja, wani ya tsaya. Ja da shuɗi mai duhu kuma sun fi kowane launi zuba. Gwajin ba wuya: a jiƙa ɗan guntu da ruwan ɗumi, a danne shi a kan farin ƙyalle. In ya bar shaida, a ci gaba da wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito fes, in ya ƙi a haƙura da shi.

Wajen yanka ne lissafi ke shigowa. Ƙa'idar wannan ɗinki ita ce a bar kwatan inci a kowane gefe, don haka ƙyallen da ake so ya ƙare a inci 5, a inci 5 da rabi ake yanka shi. Bargon jariri mai faɗin inci 40 da tsawon inci 50 zai ci irin waɗannan guda 80, takwas a kwance, goma a tsaye. Yadi mai faɗin inci 42 yana ba da bakwai a kowane tsiri, ke nan tsiri 12, wato kusan yadi biyu. Almakashi yana yi, amma wuƙa mai taya, wato mai zagayayyen baki da ake gangarawa a kan yadi, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ta fi shi daidaito nesa ba kusa ba, muddin akwai rula mai kauri da faifan yanka a ƙarƙashi. Da zarar ta fara tsallake zare, bakinta ya mutu, a canza shi. Ƙara ƙarfin hannu rular kawai yake gusarwa.

Sai a lura da yadda zaren yadin ya kwanta. Ta tsawo, wato bin bakin yadi, kusan ba ya miƙewa. Ta faɗi yana ɗan bayarwa. A kaikaice kuwa miƙewa yake sosai, shi ya sa ƙyalle mai kusurwa uku ke wahalar da sabon hannu: dogon gefensa a kaikaice yake, ana ɗan jan sa ya ƙara tsawo, kuma ba ya komawa. Dabarar ita ce a haɗa murabba'i biyu fuska da fuska, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗinka kwatan inci ta kowane ɓangaren layin, sannan a yanka a kan layin. Ɗinkin ya riga ya kame gefen kafin ya sami damar miƙewa.

Kwatan incin nan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi rainawa. A ce ɗinki ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, abin da ido ba ya kamawa. Kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci, don haka asarar ta ninku. A jere mai ƙyalle takwas akwai ɗinki bakwai, sai a tarar jeren ya gaza da kusan inci guda. In jeren da ke biye an ɗinka shi daidai, mahaɗansu ba za su taɓa haɗuwa ba, komai yawan fil ɗin da aka soka. Maganinsa gwaji kafin a fara: a yanka tsiri uku masu faɗin inci ɗaya da rabi, a haɗa su, a goge, a auna na tsakiya. Dole ya ba da inci ɗaya cif. In ya yi, a manna tef a jikin keken daidai inda bakin yadin ya bi, ya zama jagora. Allura mai lamba 80/12 da tazarar ɗinki ta milimita 2 zuwa 2.5 sun wadatar.

Guga a nan ba irin ta tufafi ba ce. Ɗora dutsen ake yi a ɗaga, ba a jan sa, don ja yana karkatar da ƙyalle. A kwantar da bakin ɗinkin wajen yadin da ya fi duhu don kada ya hasko ta cikin fari, jere ɗaya dama, na biye hagu, yadda mahaɗan za su shige juna ba tudu. Kuma kada zafi ya taɓa layin da aka ja da alƙalamin nan mai shuɗin tawada da ruwa ke gogewa, don zafi na iya kafe shi a yadin. A fara goge shi da ruwan sanyi.

Gefe mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa yana zuwa ne daga auna tsirin kewaye, wato dogon yadin da ake ɗinkawa ya zagaye fuskar, da bakin bargon, alhali bakin ya riga ya miƙe. Ta tsakiyar bargon ake aunawa, a yanka tsirin a kan wannan awon, a sa bakin ya bi shi.

Wajen haɗa hawa ukun, auduga da shafi su fi fuskar da inci 4 ta kowane gefe. Ga bargon misalinmu, inci 48 da 58 ke nan, kuma tunda ya wuce faɗin yadin, shafin ma sai an haɗa shi. A shimfiɗa shi a ƙasa, a manne gefunansa da tef ya miƙe amma kada a ɗame shi. Shafin da aka ɗame yana komawa da an cire tef, ya tattaro fuskar. A soka fil mai makulli duk bayan faɗin tafin hannu, daga tsakiya zuwa waje, ɗinkin da zai haɗa hawa ukun ma haka. Haƙoran keke hawan ƙasa kawai suke ja, na sama ya riƙa zamewa har ya naɗe, saboda haka ƙafar keke ta musamman da ke jan sama da ƙasa tare ta cancanci kuɗinta. Tazarar layukan ɗinki kuwa audugar ce ke yanke hukunci, yana rubuce a jikin ledarta. In aka wuce shi, sai ta dunƙule bayan wanki.

Sanyin kansa yana da nasa sharuɗɗan. Rana gajera ce, hasken ƙwan lantarki mai ja-ja kuma yana ɓoye bambancin launi, don haka a zaɓi ƙyallaye da rana kusa da taga, a bar ɗinki na dare. Hoton waya da aka mayar fari da baƙi yana nuna waɗanda duhunsu ɗaya, waɗanda za su narke cikin juna a bargon. Busasshen yatsa mai kaushi yana fizgar zaren surfani ya yi masa gashi, man shafawa mai maiƙo kuma yana bar wa yadi tabo. A shafa da dare, a wanke hannu kafin aiki. Audugar roba narkewa take, kada a jingine aikin kusa da abin ɗumama ɗaki. Mai ɗinkin hannu kada ya yanko zare fiye da inci 18, don dogon zare yana sarƙewa, yana kuma siracewa saboda yawan ratsa yadi. Ƙullin a ja shi ya shige cikin audugar.

Kalmasar baki ce ta ƙarshe. Tsiri mai faɗin inci biyu da rabi, a ninka shi biyu, don baki ne ke fara cinyewa. Kewayen bargon inci 180 ne, a ƙara 12 saboda kusurwoyi da mahaɗi, tsiri biyar sun isa. A haɗa su a kaikaice don kaurin ya bazu, a ɗinka ta fuska da keke, a juya baya a kama da hannu.