Kafin ka kwance injin iska, duba geji

Injina biyu ne ke hura wa tafkunan kifina iska. Ƙaramin mai faifan roba ne, yana kan tafkin da zurfinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Babban kuwa kwampreso ne mai fistin, shi ke tura iska ƙasan babban tafki inda ruwa ya kai mita huɗu. Dare da rana suke aiki babu hutu, saboda haka in ɗayansu ya lalace ba na jin mamaki. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutane, da zarar sun ga kumfa ta ragu a saman ruwa, sai su ɗauko sukundireba su hau kwance inji. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Ko da ya lalacen ma, abin da ya lalata shi yana can kwance a ƙasan ruwa, yana jiran sabon kayan da za a saka.

Shi ya sa kayan gyaran da na fi ji da shi a duk akwatina ɗan ƙaramin gejin matsi ne da na ɗaura a bakin kowane inji. Lissafinsa ba wuya. Kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa tana danne iska da kimanin bar 0.1, wato kusan psi 1.4. Idan farantin kumfarka, wato faranti mai ƙananan ramuka da ke sakin iskar a ƙasan ruwa, yana zurfin mita huɗu, inji sai ya ture bar 0.4 kafin ƙwayar kumfa ɗaya ta fito, sannan a ɗora ɗan abin da tsawon tiyo da shi kansa farantin suke ci. Ranar da aka haɗa komai sabo, ko ranar da aka gama wanke komai tas, sai ka rubuta inda allura ta tsaya. Ni a cikin murfin akwatin inji nake rubutawa da alƙalamin maka. Wannan lamba ita ce ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Idan kumfa ta ragu, allura kuma ta haura lambar nan, hanyar iska ce ta toshe a wani wuri. Idan allurar ta faɗi ƙasa, to ko dai iska na yoyo, ko injin ya gaji ba ya iya matsawa. In kuwa shiru kake ji gaba ɗaya, sai a fara da wuta: soket, filogi, fiyus, da makunnin kariya mai katse wuta idan ta zube ƙasa. Wannan makunnin, mai katsewa a miliyamfiya 30, ban yarda a ajiye inji a bakin ruwa babu shi ba. Idan yana yawan faɗuwa, laima ce ta shiga wani wuri ko waya ta ƙuje, kuma a nemo wurin ake yi, ba a cire makunnin a huta ba.

Akwai wani gwaji da ke yaudarar mutane. Sai a zare tiyo daga bakin inji, a kara hannu, a ji iska na fita fuu, a ce ai inji lafiya lau. Injin da ya gaji ma yana hura iska sosai muddin babu abin da ke danne shi. Gwajin gaskiya shi ne ka rage bakin fitar iskar a hankali na ɗan daƙiƙu kana kallon geji. Mai lafiya nan take allura za ta hau. Gajiyayye kuwa za ta ɗan motsa ta tsaya. Kada dai ka toshe shi ruf ka tsaya kallo, musamman mai faifan roba.

Bari in daɗe a kan mai faifan robar nan, don shi ya fi yawa a hannun mutane. A cikinsa babu mota mai juyawa. Kwayil biyu ne, wato naɗin waya, suke fuskantar juna, a tsakaninsu akwai sanda mai maganaɗisu, a kowane gefen sandar kuma an ɗaure faifan roba. Wutar lantarki na sauya fuska, sandar na kai da komo, sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ko 60 a ƙasashen da wutarsu ke kan wannan ma'auni. Ka lissafa: sau 50 a daƙiƙa ya haura sau miliyan 4 a yini guda. Robar da ke lanƙwasawa haka dole wata rana ta yage, shi ya sa masu ƙera su ke cewa a sauya ta bayan shekara ɗaya zuwa biyu ko da ba ta mutu ba.

Yawancinsu suna da wani ɗan makunni a saman sandar. A wasu, siririn sukuru ne na leda da aka yi shi don ya karye. Da roba ta yage, sanda ta zarce iyakarta, sai ta buge shi, wuta ta yanke. To mai inji ya wayi gari ya tarar da shi shiru, ya ɗauka kwayil ya ƙone, ya jefar, alhali injin kare kansa ya yi. Akwai kuma masu wayo da ke haɗe wayoyin makunnin don inji ya ci gaba da aiki kafin a samo roba. Wannan shi ne a garin neman gira a rasa ido: sandar za ta yi ta dukan ƙarfen kwayil har maganaɗisun ya farfashe, gyaran roba biyu ya koma sayen sabon inji.

Sauya robar ba aikin da sai an kira makaniki ba ne. Zare filogi tukuna, ba kashe makunni kawai ba. Ɗaga murfi, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai. Kwance kawunan da ke gefe biyu, cire noti da washa, zare tsohon faifai. Duka biyun ake sauyawa ko da ɗaya ne ya yage, don tare suka tsufa, kuma sabo da tsoho ba sa jan sanda daidai. A goge baƙar ƙurar ƙarfe da ta manne wa maganaɗisu. Wurin mayarwa, abin lura shi ne sandar ta zauna a tsakiya, tazarar da ke tsakaninta da kwayil ta zama ɗaya a kowane ɓangare. In ta karkata za ka ji ƙara kar-kar da zarar ka kunna. Ƙananan bawul na roba da ke cikin kawunan ma a duba su. Idan sun sandare ko bakinsu ya nannaɗe, sabon faifai ba zai dawo da ƙarfin iska ba.

Tsohuwar robar kuwa ba na jefar da ita sai na jujjuya ta a hannu. In ta bushe ta yi tauri ta tsattsage, zafi ne ya ci ta. In ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, mai ne ko tururin fetur ya same ta, domin irin wannan roba ba ta shiri da man fetur da danginsa. Wanda ya ajiye injin iska a ɗaki ɗaya da janareta da jarkokin mai ya lura da wannan.

Zafin nan kuma daga ina? Nan ne gizo ke saƙar. Wani abokin sana'a ya taɓa kirana yana faɗa, wai robar yanzu duk jabu ce, watanni kaɗan take yi masa ta yage, ya sauya ta sake yagewa. Da na je na ɗaura masa geji, allura ta wuce iyakar da aka rubuta a jikin injin. Muka jawo farantin kumfa daga ƙasa. Gansakuka da farar ƙanzon ruwa sun rufe ramukansa, 'yan kaɗan ne suka rage a gefe. Ga shi kuma ya yi amfani da siririn tiyo mai tsawon gaske, sannan bayan ya ƙara haƙa tafkin ya mayar da farantin wuri mafi zurfi. Irin waɗannan ƙananan injina na ruwan da bai wuce mita biyu zuwa biyu da rabi ba ne. Kowanne daga cikin abubuwan nan uku na ƙara wa inji nauyi, iskar da aka matse tana zafi, robar tana gasuwa a hankali. Roba ba ta da laifi ko kaɗan.

Wanke faranti ba wani abu ba ne. Mai fatar roba, a goge shi da buroshi mai taushi, a ɗan murmurza fatar da hannu inji na aiki don ramukan su buɗe. Dutsen kumfa kuwa sai an jiƙa shi a ruwan khal ko asid da aka sirka sosai, a ɗauraye da kyau kafin ya koma ruwa. Mai amfani da asid ya tuna asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, kuma da safar hannu. In faranti tsaf yake amma allura na sama, bi tiyo taku-taku: inda ya lanƙwashe, inda dutse ya danne shi, ko bawul mai hana ruwa komowa da ya maƙale ko aka ɗaura shi a juye. Ruwa ma yakan taru cikin tiyo, saboda iska mai ɗumi tana zubar da laimarta idan ta huce, ta kwanta a inda tiyon ya yi kwari. A wuraren sanyi wannan ruwan ne ke daskarewa ya toshe hanya ɗungurungum.

Yoyo ya fi sauƙin kamawa. Ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Rana na tsattsaga tiyon da aka bari a fili, ɓera na gaigaya, ƙulli na saki. Yoyon cikin ruwa kuwa da kansa yake tona asirinsa, za ka ga kumfa na tasowa a inda ba ka ajiye faranti ba.

Babban mai fistin halinsa daban. Abin da ke cinyewa a cikinsa shi ne kofin da ke kan fistin, wanda ke goga jikin silinda. Alamarsa ƙarfi na raguwa sannu a hankali, ka ga baƙin gari a kewayen kai. Ana sayar da kayan gyaransa a haɗe: kofi, silinda, siraran bawul na ƙarfe, da zoben roba. A sa su duka, a ɗaure sukurorin kai ɗaya nan ɗaya can a gicciye, kaɗan-kaɗan, don kan ya zauna daidai. A jira ya huce kafin a taɓa shi, kan nan yana ƙona hannu. Kuma kada a ɗiga masa mai ko giris da sunan taimako. An ƙera shi ya yi aiki a bushe, mai sai dai ya kama ƙura ya dame ta, ya kuma bi tiyo zuwa wurin kifi.

Idan ka kunna ya yi gurnani bai juya ba, abu uku nake zargi. Na farko matsin da ya rage cikin tiyo, domin da yawansu ba sa iya tashi idan iska na danne da fistin. Saki iskar ka sake kunnawa. Na biyu kafasita, wato 'yar na'urar da ke riƙe caji tana taimaka wa motar injin ta juya. In ta kumbura ko ta yi zufar mai, magana ta ƙare. Sabuwar ta zama lambar maikirofarad ɗinta daidai da tsohuwar, lambar bolt kuwa daidai ko sama. A sauke cajin tsohuwar kafin a kama ta, tana riƙe wuta bayan an zare filogi. Na uku boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar motar ke juyawa a cikinsa. Zare wuta ka juya fankar motar da hannu: in ta cije ko tana gurzawa, shi ne. A ƙaramin inji da ya tsufa, ni dai a ganina sauya boris bai cika biyan wahalarsa ba.

Injin da ke mutuwa da kansa ya huta ya sake tashi kuwa, makunnin zafi ne a cikin motar ke katse shi. Duba fankar akwati ko ta tsaya, duba ramukan shan iska. Na sha tarar da zanzaro ya yi gini a cikinsu, tururuwa kuma ta mayar da akwatin gida. Doguwar waya siririya ma na jawo haka, don ƙarfin wuta na faɗuwa kafin ya iso, mota ta ja fiye da ƙima ta yi zafi. Filta kuwa, wadda ta fi komai sauƙin sauyawa, ita aka fi mantawa. Mai soso a wanke a shanya ta bushe sarai, mai takarda a sauya.

Duk wannan gyara, kifi na cikin ruwa yana jira. Oksijin ya fi ƙaranci da asuba, domin da dare gansakuka na daina samar da shi ta koma shaƙa tare da kifin. Ruwan ɗumi ma bai riƙe shi da yawa: a digiri 20 na Selsiyos kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7.5, kuma wannan iyakar abin da zai iya ɗauka ke nan. Don haka in inji ya tsaya, na kan dakatar da ba su abinci nan take, in kunna famfon ruwa yana fesawa sama yana faɗowa cikin tafki, musamman daga tsakar dare zuwa hantsi. Shi ya sa kuma saitin roba da kofi da kafasita ba sa yanke mini a akwati.

Idan gyara ya ɗauki kwana da kwanaki a tafki mai zurfi a lokacin zafi, kada a kunna inji a bar shi kawai. Ruwan ƙasa ya riga ya rabu da na sama, babu oksijin a cikinsa, ga iskar ruɓa mai guba ta taru. Kumfa za ta ɗago shi gaba ɗaya ta gauraya, kifin da ya tsira daga mutuwar inji ya mutu ranar da aka gyara shi. Minti 30 ake ba shi ranar farko, awa ɗaya washegari, a yi ta ninkawa, 2, 4, 8, 16, har a kwana na bakwai a bar shi dare da rana. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai na tashi, ko ka ga kifi ya taso yana haki a saman ruwa, kashe injin, washegari ka maimaita adadin jiya maimakon ka ninka.