Haƙurin da na bayar a kan 4 ga Janairu

Ranar Juma'a zan miƙa makullin durowata, bayan shekara shida ina haɗa ɗan shirin nan na minti biyar da ke biyo bayan labaran safe, mai tuna wa masu sauraro abin da ya faru a rana irin ta yau. Wadda za ta gaje ni ta roƙe ni in rubuta mata abin da aikin ya koya mini. Na ɗauki biro da niyyar bin shekara wata-wata, amma rana ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, wato 4 ga Janairu. Abokan aiki sun san labarin yadda aka ba da shi a taron safe. Ba su taɓa jin nawa ba.

Shekarata ta farko ce. Ranar 25 ga Disamba na sa sunan masanin kimiyyar Ingila Isaac Newton cikin waɗanda aka haifa a ranar, shekarar 1642, kamar yadda na gani a wani littafin tarihin kimiyya. Bayan kwana goma, ina riƙe da shiri uku ni kaɗai saboda kowa ya tafi hutun ƙarshen shekara, na buɗe wani kundin daban na ga an haifi Newton ranar 4 ga Janairu, 1643. Na kwafa, na miƙa, aka karanta. Ko a jikina ban ji cewa na riga na yi masa bikin haihuwa ba. Kafin mai gabatarwa ya cire abin sauraro daga kunnensa, wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya bugo waya yana tambaya ko sau biyu uwar Newton ta haife shi.

A taron safe shugaban sashenmu ya ajiye takardun biyu kusa da juna a kan tebur, ya dube ni.

"Malam, wanne ne gaskiya?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa yamma in bincika."

"Au, sai yanzu za ka bincika? To da can me muke biyanka ka yi?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don mai gida ya ga an yi. Ya ce shi tun yana makaranta ya san ranar Kirsimeti aka haifi Newton, don haka na 4 ga Janairu ne ƙarya. Ya umarce ni in rubuta ban haƙuri a karanta washegari, ya kuma sa aka ba ni takardar tuhuma. Da hannuna na rubuta cewa gidanmu ya yi kuskure, ba a haifi Newton ranar 4 ga Janairu ba.

Kwana uku bayan haka na gano cewa wannan ban haƙurin shi ne kaɗai ƙaryar da muka watsa a duk lamarin.

Ranakun biyu rana ɗaya ce. Lokacin da aka haifi Newton a Woolsthorpe, Ingila tana kan tsohuwar kalandar Juliyas Kaisar, wadda ta ɗauki shekara a kwana 365 da kwata cif. Shekarar rana ba ta kai haka ba, ta gaza da kimanin minti 11, kuma wannan ɗan rarar yana taruwa ya zama kwana guda duk bayan shekara 128 ko kusa da haka. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara lissafin: aka kwana ranar 4 ga Oktoba, aka wayi gari 15 ga Oktoba. Italiya da Sifaniya suka bi nan take, Faransa ta biyo baya kafin shekarar ta ƙare. Ingila kuwa, da ta riga ta raba gari da cocin Roma, ta ce ba Paparoma ne zai faɗa mata kwanan wata ba. Sai 1752 ta sauko, lokacin giɓin ya kai kwana 11, aka tsallaka daga 2 ga Satumba zuwa 14. Saboda haka ranar da mutanen ƙauyen su Newton ke cewa 25 ga Disamba, 1642, mutanen Paris 4 ga Janairu, 1643 suke kiranta. Mu kuma kalandar Gregory muke rataye da ita a bangon ofis, har da ofishin shugaban.

Na kwashi bayanin nan na kai masa, da misalin Rasha a kai, wadda ba ta sauya ba sai 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba yake faɗowa 7 ga Nuwamba. Ya saurare ni yana duba wayarsa. Da na gama ya ce gidan rediyo ba ya ba da haƙuri sau biyu a kan magana ɗaya, kuma kada ya ƙara jin sunan Newton a watan Janairu muddin yana kan kujerar nan. Shekara uku ya ƙara a kanta.

Ba zan ce ba ni da laifi ba. Laifina shi ne na faɗi gaskiya sau biyu ba tare da na san dalilinta ko sau ɗaya ba, shi ya sa da aka tsare ni bakina ya mutu. Amma mutumin da ya ƙi ba ka wuni ɗaya ka bincika, sannan ya ƙi karɓar abin da binciken ya haifar, ba gaskiya yake nema ba. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji zuciyata ta yi ɗaci.

Wani amfani da haramcin ya yi mini, ko da yake ba don shi aka yi ba, shi ne ya tilasta mini tono ranar da kyau. Da babu Newton, sai na ba Louis Braille filin. Ranar 4 ga Janairu, 1809 aka haife shi a Coupvray, kusa da Paris. Ubansa baduku ne, kuma da wani kayan aikin uban ya soke idonsa yana ɗan shekara uku, ciwon ya harbi ɗaya idon. Yana shekara 15 ya ƙirƙiro rubutun makafi mai ɗigo shida, kuma don tunawa da shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar tun daga 2019. Wasiƙun da wannan minti biyun ya jawo sun fi na duk wani sarki da na taɓa ambata yawa. A ranar ce kuma Burma, Myanmar ta yanzu, ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1948, kuma a ranar aka yi boren Leopoldville (Kinshasa ta yanzu) na 1959, wanda ya gaggauta ficewar Beljiyam daga Kwango. A ranar ce marubucin Faransa Albert Camus ya mutu a haɗarin mota a 1960. An buɗe dogon ginin Burj Khalifa a Dubai a 2010, mai tsawon mita 828, kuma shi ne abin da matasa suka fi tambaya a kai, abin da ban taɓa jin daɗinsa ba.

Ranar tana da wani tarkon ma. Na'urar Spirit ta Amurka ta sauka a duniyar Mars a 2004, 4 ga Janairu a agogon GMT, amma injiniyoyin da ke California suna cikin daren 3 ga wata suka yi ta tafi. Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa an haifi Newton a shekarar da masanin taurarin Italiya Galileo ya mutu. Galileo ya mutu 8 ga Janairu, 1642 a kalandar Gregory, kuma a wannan kalandar sai 1643 aka haifi Newton. Maganar tana da daɗin faɗi, na sha cire ta daga rubutun masu neman sanin makamar aiki.

Saura kaɗan ne, ƙanwata. Duk ranar da ta gabaci 1752 a Ingila, ko 1918 a Rasha, ki tambayi kalandarta. Kundi biyu da suka kwafi juna, kundi ɗaya ne. Ki riƙa ajiye jerin sunayen da kika riga kika yi amfani da su. Ranar haihuwar mai rai, ki tabbatar da safen nan cewa yana da ran. In aka ce ki rubuta ban haƙuri, ki nemi a ba ki wuni ɗaya, ko da za a yi miki dariya.

A shekarar da aka yi wa shugaban canjin wurin aiki, na ba Newton da kalandun biyu minti biyar ɗin gaba ɗaya ranar 4 ga Janairu, ban ambaci kowa ba. Dattijon nan bai bugo ba. Takardar tuhumar tana nan cikin fayil ɗina a ofishin kula da ma'aikata, na tambaya makon jiya aka ce ba a cirewa sai da sa hannun wanda ya bayar.