Sassaben zamani da abin da itatuwa suka yi wa gonata

A yankinmu na Agye, cikin jihar Maraɗi, mun tashi mun tarar manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fetal, babu ko tsiron sabara. Kafin damina a sassabe komai, a tara, a cinna wuta. Ga kuma dokar gandun daji ta wancan lokaci, wadda ta ce itace na gwamnati ne, don haka wanda ya bar shi a gona ya ajiye wa kansa tara ne kawai. Bayan farin 1984 iska ta samu filin da take so.

Gonar da na gada jigawa ce. Da farkon damina, hatsi na fitowa da ganye biyu, sai iska ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. A sake shuka, iri ya ƙare, kwanakin ruwa su ragu. Wannan ne ya kai ni ga sassaben zamani, dabarar da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983. Ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da muke sarewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na can ƙasa sun daɗe da kai wa ga laima.

Aikin ba ya son kuɗi, adda mai kaifi kawai. In na zo kan kututturen kalgo ko sabara mai tsiro da yawa, sai in zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, kada su wuce biyar, in cire sauran. Waɗanda na bari in rage musu rassa daga ƙasa har zuwa rabin tsawonsu. Ana sara ne daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage ya bar rauni. Sannan in ɗaura tsumma, mai wucewa ya san da mai shi. Tun da saiwa a shirye take, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba, kuma ba a ba su ruwa.

Da na fara, tunanina yana kan itacen girki da na gini. Sun samu, matan gida sun daina ƙona kara da kashin shanu, waɗannan kuwa suka koma taki. Amma babban amfanin ba a kasuwa ake ganinsa ba. Duba gindin sabara da rani: rairayi da busasshen ganye da iska ta kwaso sun taru sun yi tudu, gara ta ja ganyen ƙasa ta bar ramuka, ruwan farko ya shige maimakon ya gudu. Iska ta karye, sake shuka ya ragu sosai.

Gawo kuwa daban ne, shi ya sa nake lallaɓa duk ɗan tsironsa da na gani. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya ruɓe a gindinsa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun takin zamani. Da bazara ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, su ci 'ya'yansa lokacin da babu ciyawa ko'ina. Hatsin ƙarƙashin gawo daga nesa ake gane shi, ya fi duhu, zangarniyarsa ta fi cika. Da za a lissafa takin, da abincin dabbobin, da irin da ba a sake zubawa ba, babu mai sayar da gawo a kuɗin itacensa. Ban ma sa ganyen sabara na mai jego da igiyar ɓawon kalgo a lissafi ba.

Abin da ya fi wuya shi ne tsaro. Ka yi renon itace, wani ya zo da dare ya sare. Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Mutanen Ɗan Saga, nan kusa da mu, sun kafa kwamiti har da mata da makiyaya, suka sa dokoki da tara, mu ma muka yi koyi da su. Makiyayi in an zauna da shi an yarda ya sassaƙa reshe ba tare da kashe itace ba, shi ma mai gadi ya zama.

Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo ta wannan hanya, galibi a Maraɗi da Damagaram. A ganina, abin da ya ɗauki nauyin wannan shi ne manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, abin da dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara buɗe wa ƙofa. Yanzu saura gawon da ke kusurwar gabas ta gonata ya kai ga fara 'ya'ya, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki.