Iskar Hanji da Tsimuwar Abinci a Cikin Ɗan Adam

A ƙauyukanmu na yankin Ringim, inda garau-garau da ɗanwake da ƙosai ba sa yankewa a gida, kowa ya san wake da kumbura ciki, amma ba kowa ya san cewa iskar da ke taruwa tana da hannu a yadda abincin yake tsimuwa ba. Wake yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari, irin su rafinos da istakiyos, waɗanda ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, don haka sai su gangara babban hanji tare da dusar gero da dawa. A can ne ƙwayoyin bakteriya suke tsima su, su samar da sinadarai masu amfani, musamman butiret wanda bangon hanji yake rayuwa da shi, sannan su saki iskar haidirojin da ta kabon dayoksaid.

Haidirojin shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Idan ya taru ya yi yawa, sai ya danne aikin ƙwayoyin da suka samar da shi, tsimuwar ta ja baya ko ta sauya hanya, kamar yadda hayaƙi yake shaƙe wuta a madafar da ba ta da taga. Sai dai akwai wasu ƙwayoyin da haidirojin ɗin ne abincinsu. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Methanobrevibacter smithii, tana haɗa kashi 4 na haidirojin da kashi 1 na kabon dayoksaid ta fitar da kashi 1 na iskar mitan, wato tana rage yawan iskar ƙwarai, sai dai an lura cewa masu mitan da yawa sun fi fama da taurin bayan gida. Wasu kuma, irin su Desulfovibrio, suna mayar da haidirojin ɗin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ko kashi 1 cikin 100 na abin da ke fita ba ta kai ba, amma ita take jawo wa mutum kunya a majalisa. Wannan bambancin yana cikin dalilan da suke sa mutum biyu su ci kwano ɗaya, ɗaya ya kwana lafiya, ɗayan ya kwana yana juyi.

Wani bincike da aka yi a Shafil ta Ingila a 1991 ya nuna cewa lafiyayyen mutum yana fitar da kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na iska a yini, don haka a ganina ƙaurace wa wake saboda iska asara ce. Jiƙa shi da daddare a zubar da ruwan kafin a ɗora yana rage sukarin nan. Kumburin da ya zo da rama ko jini a bayan gida kuwa, na asibiti ne.